Yaran sun fi mu gane bidiyon bogi, bakin faɗa ne ba su da shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake ta nanatawa a majalisu da wuraren wa'azi, wai waya ta gama da yaran yanzu, duk abin da suka gani sai su hau kai su zauna. Ni ba malamin makaranta ba ne, ba kuma ɗan jarida ba. Shagon cajin waya gare ni a Funtuwa, shekara 11 ke nan, ina haɗawa da sayar da kati da data da tura karatu da fina-finai. Akwai benci biyu a ƙofar shagon, kuma daga bayan La'asar zuwa Isha'i yawancin masu zama a kansu ba su kai shekara 20 ba. Suna jiran wayarsu ta cika, ko ta iyayensu da aka aiko su da ita, suna hira, ni kuma kunnena na kansu ko ban so ba. Abin da na ji a bencin nan shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in fara da abin da ya faru a watan Mayun 2025. Wani dattijo abokin cinikina, mutumin kirki mai sayar da hatsi, ya zo karɓar wayarsa. Yana kunna ta ya miƙo mini wani bidiyo cikin murna, wai ga sabon Fafaroma yana yi wa Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso jawabi na musamman, yana yaba masa. Ya ce, "Ka gani ko? Har shugaban Kiristocin duniya ya sallama wa yaron nan." Na kalla, na gyaɗa kai, don ni ma ban ga wani aibu ba. Akwai wani yaro ɗan shekara 14 a gefe, ɗan makarantar sakandare, ya leƙo ya kalla tare da mu, bai ce uffan ba. Sai da Alhaji ya hau babur ɗinsa ya tafi, yaron ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Kawu, wannan fa haɗi ne. Dubi bakin, kamar an liƙa shi. Kuma hannunsa abu ɗaya yake ta maimaitawa." Na ce to me ya hana ka faɗa masa? Ya zaro ido, ya ce, "Ni? In ce wa Alhaji abin da ya nuna ƙarya ne? Ai sai ya haɗa ni da babanmu."

Daga baya fadar Vatican da kanta ta fito ta ce bidiyon haɗi ne, an ɗauki hoton wani jawabi da Fafaroman ya yi wa 'yan jarida aka ɗora masa wasu kalamai da ƙirƙirarriyar basira. Yaron ya riga su gani. Alhaji kuwa na tabbata ya tura wa mutum hamsin kafin ya kwanta, kuma har yau bai san komai ba, don ni ma kunya ta hana ni tayar da maganar.

Mun taso ana gaya mana abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A harkar aure da zaman duniya har gobe haka ne. A harkar bidiyo kuwa rimin yana hannun yaran. Su suka san manhajar da ake canza murya, su suka san yadda ake yanko tsohon hoto a ɗora masa sabon rubutu. Wata rana wani daga cikinsu ya karɓi wayata, kafin in gama ba wani canji ya dawo mini da ita, ga hotona da tambarin wata babbar kafar labarai a kusurwa, da jan layi a ƙasa an rubuta: "Da ɗumi-ɗumi: an naɗa mai caji ministan wutar lantarki." Aka yi ta dariya. Ni dariyata ba ta yi nisa ba, don da ba sunan sana'ata ke jiki ba, da na yarda. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in ya ce "BBC ta faɗa," gardama ta ƙare a zauren. Tun 1957 ake jin sashen Hausa na gidan rediyon nan, kuma ba kowa ke iya shiga akwatin rediyo ya yi muryarsu ba. Yanzu ɗan aji uku yana ƙera tambarinsu kafin shayi ya huce. Shi ya san haka, shi ya sa tambari ba ya ruɗarsa. Mu ne har yanzu in mun ga tambari sai jikinmu ya mutu.

In za mu faɗi gaskiya komai ɗacinta, tarihinmu mu manya a wannan fage ba abin alfahari ba ne. A 2011 wa ya riƙa kashe waya saboda wai akwai lambar da in ka amsa za ka mutu, har sai da hukumar sadarwa ta fito ta ƙaryata? A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, wa ya tashi iyalinsa tsakar dare ya ce kowa ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha? Ba yara suka tashe mu ba, mu muka tashe su, muka tsaya a kansu da bokiti. An rasa rayuka a ƙasar nan saboda gishirin, wasu suka kwanta asibiti. A 2018 kuma aka ce Buhari ya rasu an kawo wani Jubril daga Sudan, masu furfura da digiri suna auna kunnen mutum a hoto, har sai da shi da kansa ya tsaya a ƙasar Poland ya ce shi ne dai ba wani ba. Yaran da muka yi wa wankan gishiri su ne samarin da ke zaune a bencina yau. Sun tuna. Wani ya taɓa ba ni labarin daren yana dariya, ya ce har yanzu in ya tuna wa mahaifiyarsa sai ta ce ya rufe mata baki.

Kada a ce ina tona asirin wasu ina rufe nawa. Lokacin da aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa, wanda aka ƙaddamar a Najeriya a watan Oktoban 2023, da abin ya iso jiharmu sai wani saƙon murya ya faɗo zauren WhatsApp na danginmu. Gwaggona ce ta turo. Muryar wani mutum ce, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, ya fara da salati, ya ce shi ma'aikacin lafiya ne kuma amana ce ta sa yake magana, duk yarinyar da aka yi wa allurar ba za ta haihu ba. Ya rufe da cewa don girman Allah a yaɗa. Na yaɗa. Na kuma ce wa 'yata, wadda ke da shekara 13 a lokacin, ranar da masu allura za su zo makaranta ta zauna gida. Ta ce to, Baba. Ta zauna.

Bayan wajen wata biyu uwarta ke gaya mini cewa tun daren farko yarinyar ta ɗauki wayarta ta bincika, ta ga ƙasashe da dama sun shafe shekaru suna yin allurar nan, ta ga bayanin likitoci da Hausa, ta nuna mata. Uwar ta ce je ki gaya wa babanki. Ta ce ba za ta iya ba, tunda Gwaggo ce ta turo kuma Baba ya riga ya yanke magana. Kwana na yi ina juya wannan. Na san inda tsorona ya samo asali, ruwa ba ya tsami banza: duk ɗan Arewa mai shekaruna ya san gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 da abin da ya biyo baya, ya kuma san yadda aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. To amma tsoro daban, hujja daban. Ni muryar da ba ta da suna na bi. Yarinyar da ta tsaya ta duba ita ce ta yi shiru, kuma ni na koya mata shirun.

Wannan shi ne abin da ban taɓa ji an faɗa ba a duk wa'azin da ake yi kan yara da waya. Kaso mai yawa na ƙaryar da ke isa kunnen yaro daga sama take gangarowa, daga zauren dangi, daga wayar uwa, daga majalisar uba. Tana zuwa da rigar girma, ga salati a farko, ga roƙo da sunan Allah a ƙarshe. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya ɗaga ido ya kalli babba, ta yaya zai ce wa kawunsa hoton nan na wata ƙasa ne, kuma ya shekara biyar yana yawo?

Amma fa ba wanke yaran na zo yi ba. Suna da nasu ramin, kuma mai zurfi ne.

Tambayi kowane daga cikinsu, "A ina ka ji?" Amsar ɗaya ce: "A TikTok." In ka matsa ka ce wa ya faɗa a TikTok ɗin, sai ya ce, "Wani gaye ne, yana da mabiya da yawa." Ba sa neman labari, labari ne ke tarar da su, tsakanin barkwanci da ƙwallon Turai da rawa, daƙiƙa 40 ya wuce. Ba su san ranar da abin ya faru ba, ba su san garin ba. Idonsu na gane bakin da aka liƙa, amma in mutum na gaske ne ya zauna da fuskarsa ta gaske cikin mota yana zuba ƙarya da Hausa mai daɗi, sun shiga hannu. Kuma ba namu kaɗai ba ne: a Amurka ma, binciken da Jami'ar Stanford ta fitar a 2016 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandaren da aka gwada sun kasa bambance talla da labari a shafin intanet. Can da ke da wuta da laburare ke nan.

Sai kuma inda kwaɗayi ya shigo. Yaron da ya gane Fafaroman bogi, shi ne bayan 'yan makonni ya zo yana roƙona in taya shi cike wani fom, wai gwamnati na raba tallafin naira dubu 50 ga ɗalibai, sai ka sa lambar NIN da ta asusun banki, ka kuma tura wa mutum 15 kafin kuɗin su sauka. Na ce kai da ka fi kowa ido? Ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, in gaskiya ne fa?" Duk wayon mutum, in ƙarya ta zo da abin da ransa ke so, sai ya buɗe mata ƙofa da kansa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Yunwar gaskiya ce, kowa ya ji ta a tukunyarsa. Amma da aka fara ganin yara a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha, sai na tambayi na bencina, waɗanda suka yi ta yaba abin, ina Rasha take, me take sayarwa, wa ke mulkinta tun yaushe. Ɗaya ne ya iya cewa Putin. Abin da suka sani shi ne bidiyoyin da suka shekara suna kallo tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, jiragen yaƙi da kiɗa mai tayar da tsikar jiki da murya tana cewa an kori Faransa. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da wasu yaran da aka kama a kotu a Abuja, duniya ta ga yadda wasunsu suka yanke jiki suka faɗi, kafin daga baya a ba da umarnin sakinsu. Masu haɗa bidiyon ba wanda ya kwana a ɗaure.

Akwai kuma wata sabuwar cuta da nake gani tana yaɗuwa, ita ce "duk ƙarya ne." Ka kunna rediyo ana labarai, sai yaro ya taɓe baki ya ce an biya su. Ka nuna masa jarida, ya ce ta gwamnati ce. Wanda bai yarda da komai ba a ƙarshe abin da ya yi masa daɗi kawai yake ɗauka. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu nan Ƙanƙara ba ta da nisa da mu. Da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya a watan Disambar 2020, an ji wani kakakin gwamnati yana cewa yara 10 ne a hannun 'yan bindiga. Kwana shida da sace su aka sako 344. Sa'o'in waɗancan yaran sun ji lissafin farko, sun kuma ga na biyu da idonsu. Haka a 2025, ɗalibai suka yi ta kuka a intanet cewa sakamakon JAMB bai yi daidai ba, aka yi ta cewa rashin karatu ne, sai ga shugaban hukumar ya fito ya amsa cewa an samu tangarɗa, wadda ta shafi ɗalibai kusan dubu 380, aka ce za su sake zama. Ya kyauta da ya amsa. Amma darasin da yaro ya ɗauka shi ne wani lokaci jita-jita ce ke da gaskiya, sanarwa ce ke da gyara. Wanda ya ga haka sau biyu, ba za ka ce masa kawai "ka jira sanarwar hukuma" ya saurare ka ba.

Masu cewa a ƙwace wayar a huta, mun gwada wannan a nan ba da son ranmu ba. A ƙarshen 2021 an rufe layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin jihar Katsina, har da tamu, na tsawon watanni. Jita-jita ba ta mutu ba. Ta koma tasha da kasuwa da bakin rijiya. Wanda ya je inda ake samun sabis ya dawo da bidiyo, sai a yi ta tura shi daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba, kuma babu hanyar da za ka kira wani a ƙauyen da aka ce an kai hari ka ji gaskiya. Ban taɓa ganin gari ya firgita da "an ce" kamar a watannin nan ba.

Wani abu kuma da sai mai sayar da data zai lura da shi. Yawancin yaran nan ba cikakkiyar data suke saye ba, musamman tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025. 'Yar ƙaramar nan suke saye mai buɗe WhatsApp ko Facebook ko TikTok kaɗai. Ma'ana ƙarya na iso su a araha, amma in suka so buɗe shafin jarida su tabbatar, sai wayar ta ce babu data. Akwai masu aikin tantance labarai irin su Dubawa, da suka fara a 2018, har da Hausa suna yi, amma na tambayi benci biyu cike da samari ba wanda ya taɓa jin sunansu. Ita ma alamar kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka yi ta turawa, rubutun da ke gefenta da Turanci yake fitowa a wayoyinmu. Gwaggona ba ta san yana nan ba.

Abin da ke ba ni mamaki, maganin yana cikin allonmu tun tuni. Yaran nan duk suna zuwa Islamiyya. Sun haddace cewa hadisi ba ya tsayuwa sai an ce wane ya ji daga wane, an san mai ruwayar, an san halinsa. Sun karanta aya ta 6 a Suratul Hujurat da ta ce in fasiƙi ya zo da labari a nemi bayani. Sun ji hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Amma ban taɓa jin malamin da ya ɗaga waya a gaban aji ya kunna saƙon murya ya ce, to ku kawo mini isnadin wannan ba. Da ana yin haka, da yaro ya san tambayar "wa ya faɗa?" ba rashin kunya ba ce, karatu ne. Kuma da ya samu abin da zai kare kansa da shi in babba ya harare shi.

A gidana dai na sa doka bayan abin da ya faru. Duk saƙon da ya ce "a yaɗa," sai ya bi ta hannun 'yata kafin in taɓa shi. Na koya mata ta ce, "Baba, bari in duba mana," ba sai ta ce ƙarya ne ba. Ranar farko da ta dawo mini da waya ta ce hoton gobarar da nake shirin turawa na wata shekara ne a wata ƙasa, sai da na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Na haɗiye. A zauren dangi kuwa har yanzu ba ta iya magana, ni nake rubutawa a madadinta, kuma Gwaggo ta yi fushi da ni sau biyu.

To Malam Edita, ga roƙona gare ku. Yaran nan ba za su sayi jarida ba, kada mu yaudari kanmu. Amma kuna da abin da mai zama cikin mota yana surutu ba shi da shi: kuna da wakilai, kuna da lambar mutanen da za a kira. Ku ɗauki jita-jita ɗaya da ta fi yawo a kowane mako, ku yi mata saƙon murya na minti biyu da Hausar kasuwa, mara nauyi, wanda zai shiga WhatsApp da 'yar datar naira ɗari. Kada ku tsaya a "ƙarya ne." Ku faɗi wanda kuka kira, da abin da ya ce, da inda kuka samo asalin hoton, don yaro ya ga yadda ake yi ya koya. In jita-jitar ta zama gaskiya, ku faɗa, ko da ba ta yi wa hukuma daɗi ba. In ku ne kuka yi kuskure, ku faɗa da irin muryar da kuka yi kuskuren. Kuma ku sa muryar yaro ko yarinya a ciki wani lokaci, dattijo yana tambaya, yaro yana duba masa, don kunnen mutane ya saba da jin haka.

Ina da lasifika a shago, wadda nake sa karatu da safe da sharhin ƙwallo da yamma. In kun fara, ku turo mini, zan riƙa kunnawa bayan La'asar lokacin da bencin ya cika, in kuma tura wa duk wanda ya kawo caji kyauta. Alhaji mai hatsi ma yakan zo wajen ƙarfe biyar.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.

Naku,
Mai cajin waya,
Funtuwa, Jihar Katsina.